Sunan da Dada Ba Ta Faɗa

An sha wuya, ba zan ƙawata maganar ba. Zaman makokin Dada ya fi min ranar da muka kai ta makwancinta wahala. A maƙabarta aiki ne a gabanka, ka saka, ka jera itace, ka mayar da ƙasa, ka juyo. A gida kuwa zama za ka yi a kan tabarma, wannan ya zo ya ce ya haƙuri, ka amsa, wancan ya zo, ka amsa, har bakinka ya bushe, kuma duk wanda ya zo da irin abin da zai tuna maka.

Dada mahaifiyata ce. Haka muke kiran uwa a gidanmu, haka duk layinmu a Pantami suka ɗauka, har waɗanda suka kusa kai ta shekaru.

Abokan aikina na garejin babura a Nasarawo sun zo da baƙin mai a farcensu, suka zauna a gefe. Mahaucin bakin titi ya ce tunda yake bai taɓa sayar mata da nama ba tare da ta zagi naman ba, ta ce wannan saniyar da yunwa ta mutu, sannan ta biya ba ta nemi ragi ba. Ya faɗa yana dariya, ya ƙarasa yana share ido da hula. Adda, babbar yayarmu, kukanta har waje. Kawu, ƙanin Dada, ya iso daga ruga da sandarsa, ya zauna ya ɗora ta a kan gwiwa.

Wanda ya karya ni shi ne mai injin niƙa da muke katanga ɗaya da shi. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Yanzu wa zan ƙwanƙwasa wa?" Dada ce ta yi yarjejeniya da shi, kafin ya tada inji ya buga katanga, don ta samu ta toshe wa ɗana kunne. Ɗana ba ya jure ƙara. Mutumin nan bai tada injinsa ba har aka yi sadakar uku, mata na ta zuwa da markaɗe yana mayar da su.

Daga cikin gida kuma abin da nake jiyowa ta zaure daban ne. Wata ta ce, "Wannan ne yaron da allura ta taɓa?" Wata ta ce, "Shi ne. Allah sarki, yanzu wa zai iya da shi?" A hankali suke yi, amma na ji, kuma na san matata ta ji. Yaron kuwa yana zaune a ƙofar ɗakin Dada da faifan wake a gabansa, inda suke zama kullum, ya bar mata gefenta babu kowa. Mace ɗaya ta zo za ta zauna a wurin, ya yi ihun da sai da ta tashi da gudu.

Firamare na tsaya, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma yaran nan za su girma, ƙaramar ba za ta tuna ko fuskar Dada ba, ɗana kuma ba zai iya ba wa kowa labari ba. Shi ya sa nake rubuta wannan.

A daji aka haifi Dada, a daji ta yi aure, sai bayan rasuwar babanmu na ɗauko ta na kawo ta Gombe. Ba ta taɓa yarda da garin ba. Fanka a wurinta iskar ƙarya ce. Madarar gwangwani ba ta shiga bakinta, ta ce ba ta san uwar da aka tatsa ba. In za ta shiga keke sai ta yi bisimilla da ƙarfi yadda direba zai ji ya san ba ta amince da shi ba. Hausarta har ta mutu da Fillanci a ciki, in ranta ya ɓaci kuma Hausar gaba ɗaya take gudu. In ka kawo mata ƙorafi, ko na kuɗi ne ko na ciwo, za ta saurare ka har ƙarshe sannan ta ce, "To, ka ci abinci?"

Akwai abu biyu da muke mata dariya a kai. Kowa ya san mace irin Dada ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko kallonsa a gaban mutane ba ta cika yi ba. Amma ita gatsal take kiran sunan Adda, har matan layi na tsokanarta, wai wace irin Bafulatana ce ba kunya. Sai ta ce, "Birni ya lalata ni." Na biyu, akwai wani mai keke a bakin layinmu, shi ke kai ta asibiti, yaron kirki. Shekara da shekaru ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "Mai keke". Ni na ɗauka sunan wani surukinta ne na can baya, ban taɓa tambaya ba.

Yanzu maganar ɗana. Muna da manyan 'ya'ya mata biyu, sai shi, sai jaririya. Lafiya lau aka haife shi. Uwarsa ba ta taɓa tsallake allurarsa ba, ta haihuwa, ta bayan arba'in, da waɗanda ke biyo baya, har ta baƙon dauro, duk ranar da aka rubuta a kati tana can tun safe. Ya fara cewa ruwa, ya fara cewa Dada. Yana cikin shekararsa ta biyu maganar ta ɗauke. Ka kira shi, kamar da bango kake. Ba ya kallon ido. Da yatsun ƙafa yake tafiya. In yana son abu sai ya kama hannunka ya ja ka har wurin.

Mun je babban asibiti. Likita ya ce sunan abin otizim, daga baya na ji a rediyo suna ce masa galahanga. Matata ta tambaye shi kai tsaye ko allura ce, don ba a daɗe da yi masa wata ba abin ya fara. Ya ce ba ita ba ce. Ya ce an bincika an sake bincikawa ba a ga haɗi ba, da shi ake zuwa duniya, sai dai yana fitowa fili ne daidai shekarun da ake kai yara allura, shi ya sa iyaye ke haɗa su. Ya yi mata bayani da haƙuri, ba zan ci haƙƙinsa ba. Muna fitowa ta ce min, "Mutumin da da allurar yake cin abinci, me kake so ya ce?" Na ce ai manyan ma an yi musu, ga su nan garau. Ta ce, "Nasu bai kai wannan yawa ba. Yanzu cinya biyu, hannu, baki, duk a zama ɗaya. Jikin nawa yake?"

Sannan ga waya. Kullum da abin da ƙawayenta za su turo mata, wata mata a wata ƙasa tana kuka tana nuna ɗanta. Da aka haifi jaririyar, allurar ranar haihuwa kawai aka yi mata, ita ma don uwar ba ta cikin hayyacinta. Daga nan matata ta rufe maganar allura. In masu ɗigon baki suka shigo layi sai ta shige ɗaki da ita ta ce a ce ba ta nan. Ni kuma na gaji. In wuni ina kwance injin babur, in dawo in tarar da kuka. Ban san wa ke da gaskiya ba. Na bar maganar.

Dada kuwa tun ranar da maganar yaron ta ɗauke ta karɓe shi, ba tare da ta ce za ta karɓa ba. Ba ta taɓa kama haɓarsa ta ce ya kalle ta ba, yadda mu muke yi. Gefensa take zama, kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon gabansa. Ta zuba wake a faifai, ita tana tsince tsakuwa, shi yana jera tsakuwar a layi. Waken da aka tsince jiya take mayar wa tsakuwarsa ta sake kawowa yau, don kada aikin ya ƙare. Hadari na haɗuwa, kafin tsawa ta farko, tafin hannunta na kan kunnensa. Na sha tsayawa ina mamakin inda ta koyi wannan, don babu likitan da ya gaya mata.

Maigidana take ce masa, irin wasan kaka da jika. "Maigidana ya fi duk mazan Pantami. Ba ya tsawa, ba ya ƙorafin gishiri, ba ya yawon majalisa." Jaririyar kuma kishiyarta ce, in ta yi kuka ta ce, "Ji ta, ta ga an ba ni tsakuwa ita ba a ba ta ba." In wani ya ce yaron ba ya gane komai, ba ta musu mai tsawo. "Yana ji. Ku ne ba ku iya zama ba."

Wata rana wata maƙwabciya ta kawo mana wani mutum da kasko da garin magani, wai iska ce a jikin yaron, hayaƙi zai fitar da ita. Ina gareji, matata ce ta ba ni labari. An zuba garwashi, an kama yaron yana ihu za a lulluɓe shi da zane. Dada ta fito da butar alwalarta ta juye a kaskon. Ta ce wa mutumin, "Tafi da hayaƙinka ka kori sauro." Da ya tashi zai fita a fusace ta ce ya tsaya, ta dama masa fura da kindirmo mai kyau, don baƙo ba ya fita gidanta da yunwa. Ya sha kuwa.

Rigimarsu da matata da bazarar nan ta zo. Baƙon dauro ya shigo unguwa, ya kwantar da yara a layin bayanmu, ɗan wani mai shago bai tashi ba. Jaririyarmu ta wuce wata tara, ko allura ɗaya ba a ƙara mata ba. Dada ta ce, "'Yar nan, ki kai yarinyar nan a yi mata."

Matata ba ta taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta nuna yaron ta ce, "Na kai ɗaya, Dada, ga shi nan. Da hannun nan nawa na danne shi aka soka masa, yana kuka yana kallona. Ranar yana kallona! Yanzu yaushe rabon da ya kalle ni? Ki ce in ɗauki wannan ma in kai?"

Dada ta miƙe. Ta shiga ɗaki. Kwanaki ba ta cin abincin gidan sai fura, in an kai mata ta ce ba ta jin yunwa. Ba ta yi wa kowa fushi a fuska ba, amma gidan ya yi nauyi. Lokacin ƙafarta ta riga ta kumbura, hawan jinin ya matsa mata.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar ta aika a kira mu, ni da matata. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, yaron na gefenta da tsakuwarsa. Ba ta kalle mu ba. Ta ce, "Kafin Addarku akwai wani."

Na ce, "Wani wa?"

Ta ce, "Yi shiru, ba da kai nake ba."

Ta ce tana yarinya aka kai ta rugar babanmu, can bakin kogi, inda ko mota ba ta zuwa. Ta haifi namiji. Ya fara cewa inna, ya fara kiran shanu, sai ya daina. "Da yatsun ƙafa yake tafiya. Tsakuwa yake jerawa daga bakin bukka har turken maruƙa, wanda ya taka ɗaya ranar ba zaman lafiya. In an yi tsawa sai na rufe masa kunne. Akwai wata farar saniya, ita kaɗai yake yarda ya jingina da ita. Ba a taɓa yi masa allura ba, 'yar nan. Ba mu ma san ana yi wa mutane ba."

Matata ta zauna a ƙasa.

"Uwar mijina ta ce na yi wanka a kogi da tsakar rana ina da cikinsa, iska ta shige shi. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne. Ban ƙara taka ruwan kogin nan ba har na bar daji, sai dai a ɗebo min."

Ta ce masu allurar shanu sun zo musu, suka bi garke kaf, suna yi suna tsaga kunne don a gane wadda aka yi wa. Ta yara ba ta zo ba. Da baƙon dauro ya shigo ruga wata bazara, ya ɗauke shi, ya ɗauke ƙanwarsa da take goye. "Farar saniyar ta yi ta haihuwa a bayansa. Nononta Addarku ta sha."

Daga nan ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta daɗe a haka. Sai ta sauke. Ta faɗi sunansa. Sau ɗaya, a hankali, tana kallon ƙasa. Sunan mai keken bakin layinmu ne. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ita da ta haife shi ta riƙe shi a bakinta tun kafin a haife ni, ba ni zan baza shi ba.

Ta ce, "Na faɗa miki ne don ki san ba ƙirƙirarsa na yi don in ci ki da magana ba. Ni ban san ba kogi ba ne sai da na ga wannan." Ta ɗora hannu a kan tabarma kusa da yaron, ba ta taɓa shi ba. "Ke ko ganin kogin ba ki taɓa yi ba, da ruwan famfo kike wanka. Ga shi ya zo, tafiyarsu ɗaya, tsakuwarsu ɗaya. Ranar da na gane, na yi kuka a banɗakinku ba wanda ya sani. Naki ya sauke min nawa kayan. To ga nawa, ki sauke naki. Haka Allah Ya yi su. Amma nawa na rasa shi, kuma na san abin da ya kashe shi."

Matata ta yi kuka har da shessheƙa. Zan so in ce washegari ta goya yarinya ta tafi asibiti, amma ba haka aka yi ba. Cewa ta yi, "Dada, ki ba ni lokaci." Dada ta ce, "Lokaci ba nawa ba ne da zan ba ki. Bari ƙafar nan ta saɓe, ni zan goya kishiyar tawa in kai ta, in ga irin kukan da za ta yi a gaban mutane." Ranar ta ci tuwo.

Ƙafar ba ta saɓe ba. Ranar Juma'a da hantsi suna zaune a wurinsu, matata na wanke-wanke a bayan ɗaki. Sai ga yaron ya zo ya kama hannunta yana ja. Ta ɗauka ruwa yake so. Ya wuce randa da ita, ya kai ta har gaban Dada, ya ɗora hannun uwarsa a kan kafaɗarta. Dada na jingine da bango, faifai a cinya, waken ya zube. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in iso daga Nasarawo an lulluɓe ta da zane.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, na matsa kusa da Kawu na tambaye shi ko ya san wani ɗa da Dada ta haifa kafin Adda. Ya juyo ya kalle ni sosai. Ya ce wa ya gaya min. Na ce ita. Ya ce, "Har sunan?" Na ce har sunan. Ya ce, "Da bakinta?"

Tsohon nan da bai yi hawaye a maƙabarta ba ya kifa goshinsa a kan sanda. Da ya ɗago ya ce shi yana yaro a lokacin, a wurinta yake kiwo, da shi aka tona ramin. Ya ce ko ranar da aka binne yaron ba ta kira sunansa ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, da yamma ta tatsi shanu kamar kullum. "In har ta faɗa, to abin da ta saya da shi ya fi ƙarfin kunyarta. Me ta nema a wurinku?"

Na gaya masa. Ya ce, "An yi?" Na ce ba a yi ba. Ya mayar da sandarsa kan gwiwa.

Bayan magariba na shiga na gaya wa matata yadda muka yi da Kawu, ban ƙara ba ban rage ba. Tana ninke kayan Dada da za a raba. Ta zare wani tsohon zane mai ruwan bula, wanda Dada ke goya jikoki da shi, ta ajiye gefe. Ta ce, "Har yanzu ina jin tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba zan iya danne ta ba. Kai ka danne."

Allah Ka jiƙan Dada, Ka yafe mata, Ka sanyaya mata ƙasa. Ka haɗa ta da nata biyun da ta bari a bakin kogi, a inda za ta kira shi da ƙarfi ba mai jin kunyarsa.

Washegari ban buɗe gareji ba. Matata ta yi wa yarinyar wanka, ta naɗe ta a zanen, ta nemo katin daga ƙasan akwati ta ba ni. Yaron na wurinsa da faifai. Muna tsaye sai muka ji an buga katanga, mai niƙa zai tada inji karon farko. Matata ta bar ni da yarinyar, ta ruga ta zauna a gefen da ya hana kowa zama, ta ɗora tafin hannunta a kan kunnensa. Bai yi ihu ba, bai kalle ta ba, ya ci gaba da jera tsakuwarsa.

Na saɓa yarinyar a kafaɗa na fita. Mai keken na nan a bakin layi yana goge gilashin kekensa. Na ɗaga hannu, na buɗe baki zan kira shi da sunansa kamar yadda na saba, sunan ya ƙi fita.

Na ce, "Mai keke, zo ka kai mu asibiti."